Maganin Taba Ba Goro Ba Ne

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ce da Innarku ta cusa ta can ƙasan jakarka, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san hannunka ba zai kai wurin ba sai ka sauka Legas, kwaɗayin miyar gida ya taso maka. In ka ji takardar tana ɗan wari ka yi haƙuri, maƙwabtanta ne suka shafa mata. Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sanya albarka a fataucin tattasan da ka tafi yi, Ya haɗa ka da abokan arziki.

Ka san yadda muke da kai. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina ka ci, shi ya sa shekara ashirin da bakwai ke nan ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Kunyar da muka gada ce, ba rashin so ba. Mako guda na yi ina shirya abin da zan faɗa maka, amma duk sanda ka shigo gaishe ni sai in ɓige da tambayarka ko an samu taki. Da na ga tafiyarka ta matso sai na ɗauki biro, tunda takarda ba ta da idon da za ta sa ni sunkuyar da kai. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Abba, na san kana shan taba.

Kada ka tsaya tunanin wanda ya kawo ƙararka, babu shi. Matarka Safiya ko da wasa ba ta taɓa furtawa ba. Aljihun rigarka ne ya tona maka asiri, mai 'yan hujojin ƙuna guda uku, sai kuma mintin nan da kake tsotsa kafin ka shigo zaure, kai da tun kana yaro ba ka damu da zaƙi ba. Wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana busa hayaƙi, ba a ɓoye masa da minti da turare. Duk dabarun nan na yi su tun ba a haife ka ba, kuma na fi ka gwaninta. Ba faɗa zan yi maka ba, da wane bakin? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Labarin wautata zan ba ka, ka yi dariyarka son ranka, amma ka tsinci abin tsinta a ciki, don ƙirjinka nake ji wa tsoro.

Ni a fadamar Auyo na fara, ina ɗan shekara goma sha bakwai, lokacin da shinkafa ta fitar da kai ana tsaron jan-baki. Ka san aikin, tun sanyin safiya kana kan rumfa kana jan igiyar gwangwanaye kana ihu, tsuntsu a sama, sauro a ƙasa. Abokina Ilu, wannan dai da ka sani, shi ya miƙo mini karan taba ɗaya ya ce, "Buba, ja wannan, hayaƙinta korar sauro yake yi." Na ja, na yi tari har na kusa faɗowa daga kan rumfar. Sauron Auyo kuwa ko a jikinsa, ina jin ma daɗin ƙamshin ya ji, don ranar ya fi kullum cizo. Amma kashegari ni da bakina na ce, "Ilu, ina maganin sauron nan?" Aka yanke shinkafa, sauro ya ja da baya, taba ta zauna daram. To kai ma can za ka samu masu ba ka dalili. Wani zai ce tana hana gyangyaɗi in ana jiran motar kaya, wani ya ce tana warware gajiya, wani ya ce maganin sanyin teku ce. Duk wanda ya ba ka dalili, ka dubi leɓensa, ka saurari tarinsa da safe, sannan ka ga ko likitan da za a bi ne.

Wata shekara da azumi na lura da wani abu. Tun daga sahur har faɗuwar rana ba na sha, kuma ban mutu ba. Sai dai da an kira salla, dabino ɗaya nake jefawa a baki, in zagaya bayan rumbu in zuƙe rabin kara, in shigo sahu ina haki. Na ce a raina, wanda ya iya wuni ai ya iya shekara. Ranar Salla bayan an sauko daga Idi na miƙe a ƙofar masallacin unguwa, gaban yara da manya, na rantse da Allah ni da taba har abada. Aka yi ta kabbara, Liman ya sa mini albarka, na koma gida ina tafiyar ƙasaita. Kwana huɗu na yi. A na biyar aka gan ni bayan injin niƙa, ba a gane hayaƙina da na injin. Liman ya ce babu makawa sai na yi kaffara, in ciyar da miskinai goma. Innarku ta tuƙa tuwon shinkafa tana gunaguni, aka ci aka sha. Ɗaya daga cikin baƙin da ya wanke hannu sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam Buba, Allah Ya karɓa. Ko akwai ɗan kara ɗaya a wanke baki?" Abin kunyar shi ne akwai, kuma na ba shi.

Saboda haka kada ka yi rantsuwa, kada ka tara jama'a. Sunan Allah ya fi ƙarfin a yi ta jansa cikin abin da mutum bai shirya masa ba. A lokacin na ɗauka raunin zuciya ne kawai yake kayar da ni, na yi ta zagin kaina. Daga baya aka fahimtar da ni cewa jiki ne ya saba, kuma jikin da ya saba da abu shekara da shekaru ba ya jin rantsuwa.

Na gwada goro, har haƙorana suka yi ja kamar na tsohuwar dillaliya, ƙarshenta na koma ina haɗa su biyun, goro a kumatu, taba a leɓe. Na gwada garin taba da kanwa, wai ita ba ta da hayaƙi. An gudu ba a tsira ba, don duk uwarsu ɗaya. In wani ya ce maka ka bar wannan ka kama waccan, ka ce masa na gode.

Abin da ya kai ni asibiti ba za ka manta da shi ba, don har yau in an so tsokanata a mashigi shi ake ɗaukowa. Shekarar da ruwa ya cika ya batse, ranar kasuwar Haɗejiya, na ɗauko mata shida da buhunan shinkafa a kwalekwale. Muna tsakiyar ruwa, inda igiyar ta fi ƙarfi, na kafa gora na tura, sai numfashi ya ce bai san zancen ba. Na ja iska, ta ƙi shiga. Idona ya yi duhu, na zauna kan buhu ina tari, kwalekwalen ya fara juyawa yana bin ruwa. Matan suka ɗauki salati. Sai wata tsohuwa mai sayar da tabarmi, wadda ta isa ta haife ni, ta ɗaure zanenta ta miƙe ta ce, "Ɗan nan, miƙo gorar nan kafin ka kai mu Gashuwa, mu kasuwar Haɗejiya za mu." Ashe 'yar masunta ce. Ita ta fitar da mu, ni ina zaune kamar kayan da aka ɗauko. Da muka kai gaɓa ta miƙo mini gorata ta ce, "Yau kai za ka biya kuɗin fito." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Rayuka shida ne a hannuna, Abba, kuma da babu tsohuwar nan ban san abin da zan faɗa wa iyalansu ba.

Kashegari na hau babur na shiga gari. Ma'aikacin lafiyar da na samu sunansa Malam Modu, Babarbare ne, ka kuwa san tsakaninmu da su. Yana ganina ya ce, "A'a, yau bawana ne da kansa? Ina shanun?" Na ce, "Suna gida suna gaishe da bawansu." Ya sa abin awo a ƙirjina ya ce in ja numfashi, ya saurara, ya ce, "Kai Bafulatani, wannan ƙirji ne ko injin ban-ruwa da ya sha yashi?" Daga nan ya bar wasa. Ya auna jinina, ya tambaye ni ko ina da ciwon zuciya, ko ƙoda, ko wani magani da nake sha, ya tura ni hoton ƙirji, ya haɗa ni da likita. Bayan an gama duk wannan ne ya ba ni labarin wani magani, 'yan ƙwayoyi ƙanana, da ake cirowa daga 'ya'yan wata bishiya mai fure rawaya da ke fitowa a ƙasashen sanyi. Ya ce, "Ka ga yadda kowa yake da wurin zamansa a majalisarku? To taba ma tana da wurin zamanta a ƙwaƙwalwarka. Wannan maganin shi yake riga ta zuwa ya zauna a wurin. In ta zo ta tarar an zauna, daɗinta ya ragu, kai kuma kwaɗayin ya yi sauƙi. Amma ba ya ƙwace taba daga hannun mutum, wannan aikinka ne." Ya ce ba ko'ina ake samunsa ba, sai an aiko da shi daga Kano. Da ya iso ya rubuta mini ƙa'idarsa a takarda, kwana ashirin da biyar, da farko sau da yawa a wuni, ana tafiya ana ragewa, kuma kafin kwana na biyar ya wuce in ajiye taba gaba ɗaya. Ya ƙirga ƙwayoyin daidai da kwanakin, babu rara ko ɗaya.

Yanzu ga babbar wautar, wadda saboda ita na ɗauki biro.

Ka san gindin tsamiyar nan ta mashigi inda muke zama jiran masu ƙetarewa. Tun kafin a haife ka dokar wurin ɗaya ce, ba a cin abu a ɓoye. Goro ɗaya sai a ɓara shi gida huɗu. Kara ɗaya na taba sai ya zagaya mutum biyar kafin a yar da guntun. Wanda ya sa hannu a aljihu ya kai baki bai miƙa ba, to ya shiga uku, har jikokinsa sai an kira su jikokin marowaci. Ina zaune rana ta biyu, lokacin shan magani ya yi, na ɓallo ƙwaya ɗaya na haɗiye. Ilu ya ce, "Me ka jefa a baki?" Maimakon in ce maganin ciwon kai ne in huta, sai na gyara zama na fara wa'azi. Na ba su labarin bishiya, da wurin zama a ƙwaƙwalwa, har da ƙarin gishiri. Ban rufe baki ba na ga tafin hannun Ilu a gabana. Na sa masa ɗaya. Sai ga wani hannun, sai ga wani. Wa zan hana? Na ce a raina, ai daga itace aka yi shi, kamar saiwa ce ko sassaƙe, kowa ya ɗanɗana ya samu albarka. Kullum sai in ɓalla in raba, ina jin kaina kamar mai fitar da zakka.

Su kuwa sha suke yi suna busa tabarsu a kai. Ilu har ƙorafi ya yi, wai maganin ya ɓata masa ɗanɗanon taba, yanzu sai ya sha biyu a jere yake jin ta. Ni da na ajiye tun rana ta biyar, kuma wallahi na fara jin sauƙi, ranar sha ɗaya na sa hannu a aljihu na ji wayam. Bayan kwana uku kara ya zagayo kamar yadda ya saba, ya iso kaina, hannuna ya karɓa tun kafin in yi shawara da shi.

Sai da na yi mako biyu kafin in iya komawa wurin Malam Modu. Ya ce, "Yaya, an gama?" Na ce, "An gama tun tuni." Ya duba takardarsa ya ce, "Da wuri haka? Ina sauran?" Na sunkuyar da kai na ce, "Na yi zumunci da su." Mutumin nan ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Yau na ga ikon Allah. Bafulatanin da ko ƙwaryar nono ba ya kyauta, shi ne ya koma rabon magani!" Da ya gama dariyar ya share ido ya ce, "Malam Buba, magani ba goro ba ne. Kai na auna, ban auna su ba. Da a cikinsu akwai mai ciwon zuciya fa? Da ka cuce shi kana ganin alheri ka yi. Ga shi kai ba ka warke ba, su ba su warke ba." Maganar ta shige ni, don ban taɓa kawo wannan a raina ba.

To ka ji. Can ma za ka tarar da 'yan gida, ku zauna a rumfa ɗaya, ku ci a kwano ɗaya, kuma haka ya kamata. Ka raba abincinka, ka raba tabarmarka, wanda ya rasa wurin kwana ka matsa masa. Amma in likita ya ƙirga maka magani, naka ne kai kaɗai. Wanda ya miƙo hannu ka kama hannun ka kai shi inda aka ba ka, wannan shi ne zumuncin. In sun kira ka marowaci ka ce gado ka yi, ni na yarda a ɗora mini.

Ban gama da Ilu ba. Shi abin da ya riƙe a duk bayanina shi ne bishiya mai fure rawaya. Ya ce, "Yo mu da muke cikin daji za a aiko mana da itace daga Turai? Ga marga nan, furenta rawaya ne shar." Na ce masa ba ita ba ce, ya ce Malam Modu ne ke son ya yi mana wayo irin na Barebari. Ya haƙo saiwa, ya haɗa da 'ya'yan, ya dafa a tukunya, ya cika ƙwarya ya shanye. Kwana biyu ba a ga Ilu a mashigi ba, sai dai a hango shi da buta yana ratsa gonar mutane da gudu. Da ya dawo ya rame, ido ya faɗa, muka ce yaya magani? Ya ce, "Gaskiya yana aiki, kwana biyu ban sha ba." Aka ce saboda me? Ya ce, "Ina na samu zama?" Mun yi dariya, amma sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Kalmar nan ta "ai ganye ne, ba ya cutarwa" ta kwantar da mutane da yawa. Ita kanta taba ai ganye ce. Wancan maganin an auna shi ne ƙwaya ƙwaya, an san abin da ke ciki, kuma ko ita bishiyar tasu an ce mini wanda ya ci 'ya'yanta haka nan guba ya ci. Don haka in ka ga mai jaka a cikin mota yana tallar kwalba, wai tana maganin taba da basir da mayu a haɗe, ka juya fuskarka wajen taga.

Malam Modu ya ce sai na ɗan jira wata biyu zuwa uku kafin a sake. Karo na biyu na yi abin da girman kai ya hana ni da farko, na miƙa wa Innarku maganin da takardar. Ta kulle shi a cikin langarta inda yara ba sa kaiwa, ta sa ƙanwarka ta saita mata ƙararrawa a waya. Da ta yi ƙara, ko ina ƙarshen gona sai an biyo ni da ƙwaya ɗaya da ruwa a moɗa. Ɗaya tak, ko roƙo na yi ba ƙari. Na bar zama gindin tsamiya na tsawon watan, in na sauke mutane sai in zauna cikin kwalekwalen ina tufkar igiya, don hannu ma yana da nasa kwaɗayin. Na ba da ashanata, na sayi asuwaki dami guda. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ni na san kaina ba ya jure wa kanwa.

Ba zan ce maka babu wuya ba. In na sha da yunwa zuciyata takan tashi, bakina ya riƙa bushewa, ga mafarkai marasa kan gado. Har shanun kakanka na gani a mafarki sun jeru a bakin ruwa kowace da karan taba a baki. Ga saurin fushi. Wata rana na tsaya ina yi wa akuya faɗa don ta kalle ni, Innarku ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, akuyar nan dai ba ita ta hana ka ba." Duk abin da na ji na kai wa Malam Modu, wani ya ce zai wuce, wani ya gaya mini yadda zan yi, kuma suka wuce. A kwana na sha shida na zame, wurin wani suna a garin Malam Madori, na ja sau biyu a hannun wani. A da, da na ce shi ke nan an ɓata, in sayi kwali. Wannan karon na yar, na dawo gida na faɗa wa Innarku da bakina. Ta ce, "To, an ji. Ga ta la'asar," ta miƙo mini ƙwayata. Wanda santsi ya kwashe a bakin gaɓa ba ya cewa tunda na jiƙe bari in faɗa tsakiyar kogi. In hakan ta same ka, ka tashi ka ci gaba daga inda kake.

Yau shekara shida ke nan. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne hanci da harshe suna dawowa. Ranar da aka yi ruwan farko na tsaya a tsakar gida ina shaƙar ƙamshin ƙasa kamar baƙo. Wani dare kuma aka kawo tuwo da miyar kuka da bandar tarwaɗa, na ci loma biyu na ce, "Yau wa ya yi miyar nan?" Innarku ta ce, "Wadda ta fi shekara ashirin tana yi kana cewa ba gishiri." Na ba ta haƙuri, ta ce sai ta yi shawara. Yanzu ina ƙetare mashigin nan sau goma a wuni, bara ma da aka yi gayyar yankan ciyawar kacala don a buɗe wa ruwa hanya, sai da na ga bayan samari biyu. Shi ma Ilu daga baya ya je da ƙafarsa, aka auna shi, ya sha nasa bisa ƙa'ida, ya bari. Sai dai ya makara, Abba. Ya sayar da kwalekwalensa, daga gidansa zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Maganin yana kashe kwaɗayi, amma ba ya mayar da huhun da ya riga ya ƙone. Duk sanda na ji numfashinsa a sahu kusa da ni sai tausayi ya kama ni, in tuna da kai.

Kai yanzu kake da ƙuruciya, shekarunka a cikinta ba su kai rabin nawa ba. In ka natsu da wurin, ka nemi asibitin kirki, ka faɗa wa likita gaskiya, kara nawa a wuni, tun yaushe, kada ka rage don kunya. Ka tambaye shi wannan maganin na 'ya'yan itace. In akwai kuma ya ga ya dace da jikinka, ka bi ƙa'idarsa har ƙwayar ƙarshe, ko da ka ji kamar ka warke tun a tsakiya. In babu shi akwai wasu hanyoyin, shi ya san su. Ka kira Safiya ka gaya mata da bakinka, ta daɗe da sani, jira take ka faɗa. Innarku ta ce watan haihuwar Safiya ya kusa, kuma bayan arba'in za ta biyo ka da abin da Allah Ya ba ku. Ɗaki ɗaya za ku zauna, iskar da ka fitar ita jaririn zai shaƙa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin, na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso ta.

Lokacin kana ɗan shekara takwas ko tara, ina zaune a zaure da baƙi, in ashana ta ƙare sai in miƙa maka kara in ce, "Abba, je ka madafa ka kunno mini." Haka ake yi a lokacin, haka aka yi da yawancinmu, ban taɓa ganin aibinsa ba. Daga madafa zuwa zaure kuwa akwai 'yar tafiya, ga iska. In ba ka ja ba wutar mutuwa take yi, in ta mutu in mayar da kai. Sai ka koyi ja. Ina tuna ranar da ka shigo kana tari, idonka ya yi ja yana hawaye, ka miƙo mini da hannu biyu ka ce, "Baba, ga ta, ba ta mutu ba." Baƙi suka yi dariya, ni ma na yi, har na ce yaron nan akwai wayo. Innarku ta yi magana na ce ta cika tsoro. Shekara nawa na yi ina aiken ka haka, ban ƙirga ba.

Da na ga hujojin nan a aljihunka na so in ɗora wa abokanka, na so in ɗora wa zamani, amma zuciyata ta ƙi. Ba a tasha ka koya ba, ba a makaranta ba. Ni na kunna maka ta farko, a cikin gidana, kana yi mini biyayya. Wannan ya fi duk wautar da na lissafa maka ciwo, kuma shi ne kaɗai ban taɓa iya mayarwa abin dariya ba. Uba ba ya saba roƙon ɗansa gafara, amma ni ina roƙo. Ka yafe mini, Abba. In ka yafe, ba sai ka ce komai ba, ka je wurin likita kawai, zan gane. Wanda ke tafe kuma, namiji ne ko mace, ka aike shi ɗebo ruwa, ka aike shi kiran Innarsa, amma kada ya taɓa sanin wannan aiken.

Innarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ƙannenka duk suna gaisuwa. Allah Ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa, Ya ba ka lafiyar jiki da ta numfashi, Ya sauki Safiya lafiya, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Allah Ya yi maka albarka, albarkar da ba ta yankewa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Buba